Mu San Abin da Ke Cikin Ƙirjinmu: Huhu, Rigar Huhu da Nono

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. A wannan shafi za mu yi magana a kan ƙirji da abin da ke cikinsa. Wannan darasi ne da ɗaliban likitanci suke koyo a jami'ar Yamai da ta Damagaram tun farkon karatunsu. Amma manomi da matar gida su ma suna da rabo a ciki. Wanda ya san yadda aka gina ɗaki, shi ne zai gane inda ruwa ke yoyo. Idan mun san ginin ƙirjinmu, za mu gane ciwo tun yana ƙarami, mu kai mai shi gidan likita kafin lokaci ya ƙure.

A ƙasar Magarya da Dungas, cututtukan ƙirji ba baƙi ba ne. Da hunturu ga sanyi ga ƙura. Da kaka ga ƙaiƙayin sussuka. Kullum safe da yamma ga hayaƙin madafa. Yara suna tari, tsofaffi suna tari, mata masu goyo suna kukan ciwon nono. Saboda haka mu bi abin daki-daki.

Darasi daga ragon layya

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ranar layya, ko wurin mahauta ranar kasuwa. Mu tuna abin da muka gani. Idan aka buɗe ƙirjin rago, za a ga huhu biyu, masu laushi kamar soso, da zuciya a tsakaninsu. Za a ga maƙogwaro mai zobba-zobba ya sauko daga wuya. Idan yaro ya hura iska a cikinsa, sai huhun ya kumbura. Idan ya daina, sai ya motse. A ƙasan huhu kuma akwai wani shimfiɗaɗɗen nama wanda ya raba ƙirji da ciki. Hanta da tumbi da hanji suna ƙarƙashinsa.

Ginin ƙirjin mutum ya yi kama da wannan ƙwarai. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, mai karatu zai iya neman irinsa a jikin dabba in an yi yanka.

Kejin ƙirji

Allah ya kewaye huhu da zuciya da ƙasusuwa don ya tsare su. Kowane mutum yana da ƙashin haƙarƙari 12 a dama, 12 a hagu. Mace da namiji duk ɗaya ne. A baya suna haɗe da ƙashin baya. A gaba mafi yawansu suna haɗuwa da ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi. Biyu na ƙarshe a kowane gefe gajeru ne, ba su kai gaba ba.

Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari akwai tsoka. A ƙarƙashin kowane ƙashi kuma akwai jijiyar jini da jijiyar jin zafi suna bin gefensa. Shi ya sa in likita zai soka allura a ƙirji, sai ya lalubi saman ƙashi, ya kauce wa ƙasansa. Wanda bai yi wannan karatu ba, ba zai san inda jijiyar take ba.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kan huhu ya ɗan wuce ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Ya leƙo sama da shi kamar faɗin yatsa biyu. Don haka rauni a gindin wuya yana iya taɓa huhu.

Yadda muke numfashi

Huhu ba ya jawo iska da ƙarfin kansa. Aikinsa kamar zugazugin maƙeri ne, sai an buɗa shi iska take shiga. Naman nan da ya raba ƙirji da ciki shi ne babban mai aikin. Idan ya ja ƙasa, haƙarƙari kuma suka ɗaga, sai ƙirji ya yi faɗi, iska ta shiga. Idan ya saki, sai ƙirji ya koma, iska ta fita. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Yara sun fi manya saurin numfashi.

Iska tana shiga ta hanci. Gashin hanci da majina suna tare ƙura, hanci kuma yana ɗumama iskar. Daga nan ta bi maƙogwaro, wanda tsawonsa a babban mutum ya kai santimita 10 zuwa 12. Hanyar abinci tana bayansa, kowace da aikinta. A tsakiyar ƙirji maƙogwaro ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Kowane reshe ya yi ta rabuwa, kamar iccen gawo da aka kifa kansa ƙasa. A ƙarshen ƙananan rassan akwai ƴan jakunkunan iska, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi.

A cikin waɗannan jakunkuna ake yin musaya. Jini yana karɓar iska mai amfani, wadda likitoci ke kira oksijan, ya zubar da gurɓatacciyar iska. Zuciya kuma ta tura jinin zuwa ko'ina a jiki. Idan jakunkunan suka cika da ruwa ko mugunya, musayar ba za ta yiwu ba. Mutum zai yi ta haki, leɓɓansa su canza launi.

Huhun dama ya kasu kashi 3. Na hagu ya kasu kashi 2, ya kuma fi ƙanƙanta, domin ya bar wa zuciya wuri.

Ƙwayar gyaɗa da huhun dama

Reshen da ya nufi huhun dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa ƙasa. Saboda haka abin da ya kuskure hanya ya faɗa maƙogwaro, sau da yawa huhun dama yake nufa. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce da wake. Yaro ƙarami yana wasa ko yana kuka da ƙwaya a baki, sai ya shaƙe ta. Wani lokaci ya yi tari mai tsanani, daga baya ya lafa, iyaye su ɗauka ya wuce. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da tari su dawo, su ƙi jin magani, domin ƙwayar tana nan ta toshe reshe.

Kada mu ba yaron da bai kai shekara 3 ba gyaɗa ƙwaya-ƙwaya. A daka masa ita tukuna. Idan jariri ya shaƙe har ya kasa kuka, a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa kaɗan, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu. In abin bai fito ba, a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5 da yatsa biyu. A yi ta maimaitawa, ana neman abin hawa. Kada a cusa yatsa a baki ana lalube, don ana iya ƙara tura abin ciki. A gidan likita kuma a faɗa wa ma'aikaci cewa yaron ya taɓa shaƙewa, ko da an kwana biyu.

Rigar huhu

Kowane huhu yana cikin wani tantani siriri mai santsi. Mu kira shi rigar huhu. Rigar nan ninki biyu ce. Ninki ɗaya ya manne da huhu, ɗayan ya manne da bangon ƙirji daga ciki. A tsakaninsu akwai ɗan ruwa kaɗan mai sa santsi.

Mu ɗauki leda biyu mu jiƙa su, mu haɗa. Za su riƙa zamewa a kan juna, amma raba su yana da wuya. Haka rigar huhu take. Idan ƙirji ya buɗe, sai ya jawo huhu tare da shi, ba tare da gogayya ba.

Naman huhu kansa ba ya jin zafi. Ninkin da ke manne da bangon ƙirji shi ne mai jin zafi sosai. Idan ya kumbura, mutum zai ji suka a gefe kamar ana soka masa mashi duk lokacin da ya ja numfashi ko ya yi tari. Wannan ne mutanenmu ke kira ciwon haƙarƙari. Wani lokaci zafin yakan bayyana a kan kafaɗa, domin jijiyar da ke kula da naman da ya raba ƙirji da ciki daga wuya ta taso.

Abu huɗu suna iya shiga tsakanin ninkin nan biyu, su matse huhu:

1. Ruwa. Tarin fuka yana yawan kawo shi. Ciwon zuciya da ciwon daji su ma suna kawo shi.
2. Mugunya. Tana biyo bayan ciwon huhu da ba a yi wa magani da wuri ba, musamman ga yara.
3. Iska. Tana shiga idan an huda ƙirji, ko ƙashin haƙarƙari ya karye ya soki huhu.
4. Jini. Yana taruwa bayan haɗarin mota ko babur, faɗowa daga icce wurin sassabe ko yankan ganye, tunkuyin sa, ko sukar wuƙa.

Da yake kowane huhu yana da rigarsa daban, ɗaya yana iya motsewa ɗayan ya ci gaba da aiki. Wannan rahama ce, ita ke ba mu lokacin kai mutum asibiti. Can likita zai saurari ƙirji, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ƙirji mai iska yana amo kamar ganga. Inda ruwa ya taru kuwa, sautin yakan mutu kamar an bugi tulu cike. Daga nan a ɗauki hoton ƙirji, wanda muke kira radiyo. Idan ruwan ya yi yawa, a zuƙe shi da allura ko a sa roba ya tsiyaye.

A nan muna da jan kunne. Sakiya da tsaga a ƙirji suna da haɗari babba. Bangon ƙirji ba shi da kauri, musamman ga yaro da ramammen mutum. Ƙarfe yana iya wucewa ya huda rigar huhu, iska da ƙwayoyin cuta su shiga. Muna girmama wanzamanmu, amma ƙirji ba wurin aska ba ne. Idan kuma wani ya ji rauni har abu ya kafe a ƙirjinsa, kada a zare shi. A tallafe shi da tsumma mai tsabta, a zaunar da mutumin yadda zai ji sauƙin numfashi, a garzaya da shi asibiti.

Ciwon huhu ga yara

Ciwon huhu, wanda ake kira limoniya, yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara fiye da 700,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ƙwayoyin cuta ne suke shiga jakunkunan iska su cika su da ruwa da mugunya. Yaro mai tamowa da wanda ya yi ƙyanda sun fi saurin kamuwa.

Mura da tari kawai sukan wuce da kansu. Abin da ke nuna ciwo ya sauka huhu shi ne saurin numfashi. Kowa zai iya ƙirgawa. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa, a duba agogo ko salula, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya cikakke. Numfashi ya yi sauri idan:

Jariri ƙasa da wata 2 ya kai 60 ko fiye.
Yaro daga wata 2 zuwa wata 11 ya kai 50 ko fiye.
Yaro daga shekara 1 zuwa 5 ya kai 40 ko fiye.

Alama ta biyu ita ce lotsawar ƙirji. Ga yaro mai lafiya, in ya ja numfashi ƙirji da ciki suna ɗagowa tare. Idan muka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, to huhu ya yi tauri, yaro yana wahala. Sauran alamun haɗari su ne ƙin shan nono, amai da duk abin da ya sha, jijjiga, da barcin da ba a iya ta da shi. Mai irin waɗannan alamu ba ya kwana a gida.

Ciwon huhu yana da magani. A gidan likita ana ba da amoksisilin, a sha shi har kwanakin da aka faɗa su cika, ko da yaro ya warware. Wanda ya galabaita ana kwantar da shi, a sa masa oksijan. Tun shekarar 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. A shekarar 2005 kuma ƙungiyar likitocin MSF ta fara aikin kula da yara a Magarya. Kada mu sayi ƙwayoyi a tire a kasuwa mu ba yaro. Sau da yawa rana ta lalata su, ko kuma ba su ne maganin ciwon ba.

Rigakafi ya fi magani. Allurar BCG ana yin ta da haihuwa. Allurar Penta, wadda ta shigo Nijar a 2008, da allurar ciwon huhu, wadda ta shigo a 2014, ana yin su a mako na 6, na 10 da na 14. Ta ƙyanda ana fara ta a wata 9. Mu adana katin awo kamar yadda muke adana takardar gona.

Tarin fuka

Tarin fuka, ko tibi, ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya bayyana gano ta ranar 24 ga Maris 1882. Shi ya sa duniya ke tunawa da yaƙi da wannan cuta a ranar 24 ga Maris kowace shekara. A 2023 cutar ta kama mutum fiye da miliyan 10 a duniya, ta kashe fiye da miliyan 1.

Ƙwayar tana bin iska. Mai ciwo ya yi tari a ɗaki rufaffe, na kusa da shi su shaƙa. Ga manya ta fi son saman huhu. Tana cin naman huhu har ta yi kogo a ciki. In ta taɓa jijiya, sai a ga jini a kaki. Alamunta su ne tari da ya wuce mako 2, zazzaɓin yamma, zufar dare, rashin cin abinci da rama.

Wanda ya ga haka ya je a auna kakinsa. Maganin tibi kyauta ne a Nijar. Ana shan sa wata 6: wata 2 na farko magani iri 4 a haɗe, wata 4 na baya iri 2. Bayan ƴan makonni mutum zai ji ƙarfi, tari ya ragu. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wani ya ga damina ta faɗi, ya bar magani ya koma gona. Wani ya tafi cin rani Kano ko Daura bai ɗauki maganinsa ba. Ƙwayoyin da suka rage sai su farfaɗo, su daina jin maganin farko. Jinyar irin wannan ta fi wuya ƙwarai. Mai niyyar tafiya ya gaya wa ma'aikacin lafiya tun da wuri, a shirya masa yadda zai ci gaba.

Mutanen gidan mai tibi su ma a duba su, musamman yara ƙanana. A buɗe taga, rana da iska su shiga ɗaki. Mai tari ya rufe baki da ƙyalle. Kada a guje shi, kada a saki mace don ta kamu. Mai shan magani yadda ya kamata ba ya daɗewa yana yaɗa cutar. Shanu ma suna da irin nasu tibi, wanda ke iya kama mutum ta ɗanyar madara. A tafasa madara kafin a sha.

Huhun manomi

Abin da muka shaƙa yau da gobe yana taruwa. Ga abin da za mu kiyaye:

1. Wurin sussuka da shiƙa, a tsaya ta inda iska za ta kwashe ƙaiƙayi ta yi gaba da shi. A ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Kada a goya jariri a wurin.
2. A yi girki a fili ko a madafa mai taga. Busasshen icce ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi. Murhu mai tattalin icce yana rage hayaƙi, yana kuma rage sarar daji. Kada a kunna wuta da leda ko roba.
3. Da sanyi kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.
4. Mai feshin maganin ƙwari ya rufe hanci da baki, ya juya wa iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama.
5. Ƙwayar maganin da ake sa wa wake a buhu tana fitar da iska mai kisa. Kada a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana. Buhu mai ciki uku yana tsare wake ba tare da magani ba.
6. Taba sigari da shisha suna ƙona hanyoyin iska, su ne kuma babban dalilin ciwon dajin huhu. Hayaƙinsu yana cutar da matar gida da yara.

Ginin nono

Yanzu mu fito wajen keji. Nono yana zaune a kan tsokar ƙirji, daga haƙarƙari na 2 zuwa na 6. Ba ya haɗe da huhu, akwai tsoka da ƙashi a tsakaninsu. A cikinsa akwai rukunin ƴan jakunkuna 15 zuwa 20 masu yin ruwan nono. Kowane rukuni yana da hanyarsa da ta nufi kan nono, kamar yadda ake jan ruwa a garka. Sauran duk kitse ne da zaruruwan da suka riƙe shi. Kitse ne ke sa nono ya yi girma. Saboda haka mai ƙaramin nono tana iya shayar da ɗanta ya ƙoshi kamar kowa.

Tsotson jariri shi ke sa jiki ya yi ruwan nono. In ya yawaita tsotso, nono ya yawaita. Ruwan farko mai kauri, wato dakashi, ba dauɗa ba ne. Yana ɗauke da abin da ke tsare jariri daga zawo da ciwon huhu. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya bayan haihuwa. A ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata, domin mafi yawan nono ruwa ne.

Wani lokaci hanya ɗaya takan toshe. Nono ya yi tauri, ya yi ja, uwa ta yi zazzaɓi. Mata da yawa sukan hana yaro wannan nono, suna cewa ya lalace. Hana shi ne ke ƙara ciwon, har ya tara mugunya. A ci gaba da shayarwa, uwa ta huta, ta sha ruwa. In an kwana ɗaya ba sauƙi, a je gidan likita. Nonon jariri sabon haihuwa ma yakan ɗan kumbura, mace ko namiji. Kada a matse shi, zai sauka da kansa.

Me ya haɗa nono da hamata?

Wani sashe na nono ya miƙa kamar wutsiya zuwa hamata. Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu ƙananan hanyoyi da ke kwashe ruwa daga nama su kai shi ga kaluluwa, inda ake tace shi. Kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke fitowa daga nono kaluluwar hamata yake zuwa. Shi ya sa ciwon nono yakan sa hamata ta kumbura. Shi ya sa kuma likita ba ya duba nono ya bar hamata.

Ciwon dajin nono, wato sankara, yana farawa ne kamar ɗan ƙullutu, sau da yawa a sashen sama na wajen hamata. Da fari ba ya zafi, abin da ke yaudarar mutane ke nan. In an bar shi, sai ya bi waɗannan hanyoyi zuwa hamata. Daga baya ya kai ƙashi, hanta, huhu da rigar huhu. A 2022 an gano shi ga mata kusan miliyan 2 da dubu 300 a duniya. Maza ma suna kamuwa, amma kaɗan ne, wajen mutum 1 cikin 100 na masu ciwon.

Kowace mace ta san nononta. Sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan tsarki, ta duba shi da ido, hannu a ƙasa, sannan hannu a sama. Ta kwanta ta shafa shi da tafin yatsu, sashe-sashe, har cikin hamata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya a wata. Ga abin da za ta nema:

1. Ƙullutu a nono ko a hamata.
2. Fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemu.
3. Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.
4. Jini ko wani ruwa yana fita ba a goyo.
5. Gyambon da ya ƙi warkewa.

Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, musamman ga ƴan mata. Amma hannu kaɗai ba ya bambancewa, sai an auna. A fara da gidan likita na kusa. In da bukata za a tura mace asibitin gundumar Magarya, ko babban asibitin Damagaram. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashin daji a 2021. Ciwon da aka kama da wuri ana iya warkar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shayarwa mai tsawo kuma tana rage haɗarin kamuwa.

Kira ga magidanta

Sau da yawa mace ta ga alama, amma kunya ta hana ta faɗa. Wata ta faɗa, a ce ta bari sai an sayar da riɗi ko wake. Wata uwa ta ga ɗanta yana haki da dare, maigida ba ya nan, babu mai ba ta izinin fita. Ƴan'uwa magidanta, daga Bande zuwa Waca, daga Malawa zuwa Dogo-Dogo, wannan nauyi a wuyanmu yake. Mu ba iyalinmu izini tun yau, cewa duk ranar da suka ga alamar haɗari su tafi gidan likita ko ba ma nan. Da kaka mu ware wani abu don lafiya. A kowane gari a san amalanke ko babur da za a nema cikin dare.

Mu gwada a aji

Malamin yaƙi da jahilci ya kawo agogo. Kowane ɗalibi ya ƙirga numfashin na kusa da shi na minti ɗaya, ya rubuta adadin a allo. In an koma gida, kowa ya ƙirga na ɗansa yana barci. Sannan a kwafi lambobin nan uku a takarda, 60 da 50 da 40, kowace da shekarunta, a liƙa a bangon ɗaki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.